Hutun da Ya Kusa Kai Inna Dudu Kabari

Ran nan babban ɗana ya shigo ya tarar ina surfe. Ya zo ya riƙe taɓaryar, ya ce, "Hajiya, don Allah ki huta. In mutane suka gan ki haka, mu za a zaga." Na ce ya sakar mini taɓaryata ya nemi wuri ya zauna. Na ba shi labarin jinyar kakarsa, wadda aka yi yana goye a bayana. Ya saurara yana murmushi irin na mai jiran tsohuwa ta gama surutunta. Shi ya sa na ce gara in rubuta, da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da na yi, ko wani mai tsoho a gida zai karanta ya yi hattara.

Sunana Binta. Iyayena Kanawa ne, fataucin goro ya kawo su Potiskum, a nan aka haife ni. Aka aurar da ni ga wani Bafulatani mai cinikin shanu, sunansa Buba. Yau da ƙasa ta rufe shi hannuna ya iya rubuta sunan, amma bakina bai taɓa faɗarsa ba. Uwarsa, Inna Dudu, ita ma ba ta faɗarsa, kuma tata kunyar ta fi tawa nesa ba kusa ba, don shi ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya zo gaishe ta da safe, sai ta ja mayafi ta juya ta amsa wa bango. In tana da magana, ni take kira. "'Yar Kano, ki ce wa mutumin nan rufin ɗakina yana yoyo." Alhali mutumin yana tsugune a gabanta yana ji. Farkon zuwana abin dariya yake ba ni, daga baya na gane duk wata soyayyar da take yi masa a cikin wannan juya bayan take.

Wannan abu ya faru zamanin Turawa, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Lokacin Inna ta tsufa, amma tsufa irin na matan daji. Doguwa ce siririya, tafiyarta ta fi tawa sauri. Tana da shanun tatsa a bayan gida, babbarsu wata mai farin goshi da take kira Wule. Da asuba ta tatsa, ta kaɗa, ta cire mai, ta kirɓa fura, ta ɗora ƙwarya a ka ta nufi kasuwa. Tana tafe tana ɓare gyaɗa. Ranar Laraba, ranar kasuwar shanu, mahauta su ba ta hanta ta ba su kindirmo. Bakinta kuwa ba ya hutawa a kaina. Ban taɓa dama furar da ta ce ta yi ba. "Kanawa dai a bar su da goro," in ji ta, kuma ta shanye tas.

Sai Allah ya buɗa wa maigida. Ya fara loda shanu a mota zuwa Kudu, ya yi rufin kwano, ya sayi keke. Da arziki ya zo, surutu ya biyo shi. Aka fara cewa ga mai garke guda amma uwarsa tana yawon tallan nono a rana. Wanda ya fi ɗaukar zafi shi ne Bappa Sale, ƙanin mahaifinsa, da ke zaune a Damagum yana zuwa mana duk ranar kasuwa. Tun rasuwar uban maigida maganar Bappa ce magana a danginsu. Ya ce abin kunya ne, tsohuwa ta gama aikinta a duniya, saura tasbaha da hutu.

Aka kora shanun Inna zuwa ruga a Damagum. Aka saya mata gadon ƙarfe da katifar rimi, aka rataye ƙwaryarta a bango. Ta kira ni ta ce, "'Yar Kano, ki ce wa mutumin nan ban gaji ba." Na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce kara ce irin ta Inna, ba ta son a ce ta ɗora masa nauyi.

Daga nan aka shiga gyara mata abinci, kowa da nasa ilimin tsufan. Turamen haƙoranta sun zube, sai aka ce nama ya fi ƙarfinta. Ta yi ƙorafin gwiwa sau ɗaya, maƙwabciyarmu Ya Falmata, Babarbariya mai kirki da yawan sani, ta ce nono ne, shi ke sa wa tsoho sanyi a ƙashi. Wani ya ce gyaɗa tana kawo tari. Wata ta ce wake yana kumbura cikin tsoho. Ƙwai dama ba a maganarsa. Abin da ya rage shi ne masara. A shekarar aka kafa injin niƙa kusa da mu, masu hali suka koma cin tuwon masara fari tas, wanda aka surfe aka wanke aka jiƙa har ba sauran dusa. Maigida ya ce uwarsa ta daina cin baƙin tuwon gero ke nan. Da safe kunun masara da sukari, da rana tuwon masara da miyar kuka tsululu, da yamma baƙin shayi. Mu muna cin gero da wake da nama, ita tana cin abin da ya fi namu tsada. Har misali ake yi da gidanmu a unguwa, ana cewa a zo a ga yadda ake riƙon uwa.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, Inna tana ramewa a hankali. Kowa ya ce ai haka tsoho yake, bushewa yake yi. Da bazara ta kama sai abin ya fito fili. Mun saba shimfiɗa mata tabarma a hantsi, don an ce jikin tsoho yana son rana. Bayan hannuwanta ya yi ja kamar ta ƙone da ruwan zafi, sannan ya koma baƙi mai kaushi kamar gindin tukunya. Saman ƙafafunta ma haka. Sai wani baƙin zobe ya zagaye wuyanta, daidai inda riga ta tsaya. Ya Falmata ta duba ta ce fatar tsufa ce, a shafa man shanu. Muka yi ta shafa mata man a waje, ba wanda ya ce a sa mata a baki.

Mako na gaba harshenta ya yi jawur, ya ɗaɗɗaye. Tuwon ma ya gagara, ta koma kunu zalla. Sai zawo ya biyo baya. Wannan ne ya fi ba ni wuya, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na yi shi da fara'a ba. Ga goyo, ga girkin gida, ga wankin zannuwa daga safe har yamma, igiyar shanya ba ta taɓa zama ba kaya. Akwai ranar da na zauna a bakin rijiya na yi kuka don gajiya, na kuma ji haushin duk matan dangin da ke zuwa da shawara su tafi da hannu a bushe.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne shirunta. Na dama fura a gabanta, da gangan na bar gudaji, ba ta ce komai ba. Daga shiru sai ta koma magana ita kaɗai da Fulatanci. Takan tsuguna a tsakar gida da rana tsaka tana tatsar iska, tana lallashin Wule ta tsaya. Ta manta ni, tana kirana da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun suna yara. Sau biyu ta fice ba ɗankwali, aka tsinto ta a hanyar kasuwar shanu tana leƙa fuskar kowace saniya.

Ranar da aka yanke mata hukunci wata Laraba ce. Maigida yana zaure da baƙi, dillalai da fatake, Bappa Sale yana cikinsu. Ina wanke wa yaro jiki, ban ankara ba Inna ta wuce ni. Sai na jiyo muryarta daga zaure, da ƙarfi.

"Buba. Buba, zo ka kai ni gida."

Na ruga na leƙa. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, a gaban maza, tana kallon cikin idonsa tana maimaita sunan. Mutumin da ya haura arba'in bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Baƙi suka sunkuyar da kai, suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Da na janye ta na dawo, na ji Bappa yana cewa, "Shi ke nan, ɗana. Gigin tsufa ne. Haka uwarmu ta yi, haka kakarmu ta yi. Duk wanda ya daɗe a duniya yaro yake komawa. Shekaru ba su da magani."

Aka yi abin da aka saba. Aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi, aka yanka raguna na sadaka har sau biyu. Unguwa duka ta ci naman nan, mu ma mun ci, Inna kaɗai aka ba kunu. Larabar da ta biyo Bappa ya zo da ƙunshin farin alawayyo na likkafani ya ba ni, ya ce in adana a ƙasan akwati, gara a zauna da shiri. Sannan ya ce wa maigida ba za a bar ta tana tona wa dangi asiri a titi ba. Za a sa wa ɗakinta sakata da kwaɗo ta waje, a riƙa miƙa mata kunu, har Allah ya yi ikonsa.

Na san irin ɗakin nan. A unguwarmu ta ƙuruciya akwai wata tsohuwa da aka rufe haka, muna jin tana buga ƙyaure, har ranar da muka daina ji. Da Bappa ya fita na tari maigida, ban ko tsuguna ba.

"Ka ba ni ita in kai ta asibiti."

"Asibiti kuma? Wa ya taɓa kai tsufa asibiti? So kike Bature ya tuɓe uwata a gaban jama'a?"

"Jama'a sun riga sun gan ta ba ɗankwali a kasuwa. Matar da bara take ɗaukar ƙwarya ta zaga garin nan, a shekara ɗaya tsufa ya cinye ta? Sa'anninta suna nan suna talla. Me ya sa tsufan bai kama su ba?"

Can ya ce ba zai iya ƙetare maganar Bappa ba, amma zai roƙe shi a ɗaga zuwa kasuwa biyu. In Laraba ta biyu ta zo ba canji, kafinta zai sa kwaɗo, kuma kada in sake buɗe baki.

Washegari na ara jakin babana, na ɗora Inna, Ya Falmata ta riƙe ta ta gefe tana mita duk hanya. Asibitin lokacin 'yan ɗakuna ne da baranda, sai layi a ƙarƙashin dalbejiya. Mutane daga Danchuwa, daga Gadaka, daga ƙauyukan da ban san sunansu ba, masu gyambo, masu kurkunu, mata da yara masu zazzaɓi. Muka zauna tun hantsi har rana ta karkata. Inna ta ɓata zane a layi, na kare ta da mayafina na canza mata. Mai ba da kati ya dube ta ya dube ni ya ce, "Wannan ai gida ya kamata ku bar ta. Kun zo kun tare wa masu sauran kwana layi." Ban san lokacin da na ce masa ya nuna mini inda aka rubuta masa kwanakin mutane ba. Ya miƙo katin yana harara.

Likita ba ya nan, ya tafi rangadi. Malamin asibiti, wani Bangizime mai sanyin magana, ya ba mu ruwan magani fari a kwalba na tsayar da zawo, ya ce mu dawo in likita ya dawo. Yaushe? Sai dai mu riƙa leƙowa. Haka makon farko ya tafi a banza, muna zuwa muna komawa, jaki ya gaji, na gaji, ruwan maganin bai tsayar da komai ba. Laraba ta farko Bappa ya zo ya leƙa ɗakin, Inna ta kira shi da sunan mijinta marigayi. Ya auna ƙyauren da taƙi kafin ya tafi.

Kashegarin ranar aka ce likita ya dawo. Bature ne dogo mai jan wuya, Hausarsa a karkace, malamin asibiti yana tallafa masa. Bai tuɓe ta ba. Ya kama hannunta ya juya, ya sa na ɗage mata hannun riga zuwa kafaɗa. Fatar wurin lafiya lau, sumul. Ya dubi wuyanta, ya ce ta fito da harshe. Sai ya tambaye ni me muke cewa yana damunta. Na ce tsufa.

Ya taɓa bayan hannunta, ya taɓa kafaɗarta, ya ce, "Wannan da wannan, shekara nasu ɗaya ne. Don me tsufa ya ci wannan, ya bar wannan?"

Har yau maganar nan tana kunnena, da karkatacciyar Hausarta. Sannan ya tambayi abin da take ci. Na gyara tsayuwa na lissafa masa da alfahari, farar masara, sukari, shayi. Nono fa? Na ce an hana. Nama? An hana. Gyaɗa, wake? Duk an hana. Ya dubi malamin asibiti ya yi magana da Turanci, malamin ya juyo ya ce, "Likita ya ce yunwa ce."

Raina ya ɓaci. Na ce a gidanmu ba a kwana da yunwa, ya je ya tambaya. Malamin ya ce in kwantar da hankalina, ba rowa ake nufi ba. Cikinta a cike yake, jikinta ne ke jin yunwa. Akwai abin da jiki ke samu a nono da nama da gyaɗa wanda babu shi a wankakkiyar masara, in ya ƙare sai fata ta ƙone a inda rana ke duka, ciki ya ɓaci, hankali ya gushe. Ya faɗi sunan cutar, wai falagira. Ya ce ba ruwanta da shekaru, tana kama saurayi ma in an ciyar da shi haka. Aka ba mu ƙananan ƙwayoyi da wani gari mai warin tsamin ƙullu. Aka ce a ba ta nono, a daka mata hanta, a dama mata kunun gyaɗa, a ɗauke tabarmarta daga rana.

A hanyar gida Ya Falmata ta ce, "Binta, nono a kan zawo? Wallahi kashe ta za ki yi, kuma ke za a kama." Maigida ma da ya ji ya ce, "In ta mutu a hannunki fa?" Na ce in ta mutu da nono a bakinta ya fi ta mutu a bayan kwaɗo. Bakina ne kawai ya faɗa. Na san in abin ya juya, ba mai tuna likita, 'yar Kano za a ce ta kashe uwar miji.

Abin takaici, gidan Inna Dudu sai da aka aika kasuwa sayen nono. Matar da ta kawo, tsohuwar abokiyar tallarta ce, ta leƙa ta gan ta, ta fita tana share hawaye, ta ƙi karɓar ko anini, kuma kullum sai ta kawo har aka gama jinyar. Allah ya saka mata. Na zuba kindirmo a ƙaramar ƙwarya na kai bakin Inna. Ta shinshina. Hannuwan nan baƙaƙe suka ɗago da kansu suka riƙe ƙwaryar, ta sha har tana ƙwarewa. Ƙwayoyin kuwa tofar da su take yi, sai na koma murƙushe su a cikin fura. Hanta na gasa na daka da ɗan gishiri na riƙa ba ta da yatsa kamar jaririya.

Kafin Asabar zawo ya ragu, igiyar shanya ta samu hutu. Harshenta ya daina ja. Ta daina tatsar iska, ta koma barci, barci mai nauyi dare da rana. Ya Falmata ta ce irin barcin nan ba na alheri ba ne. In ta farka takan bi ni da ido ina kai da kawo, ba ta cewa komai. Ban sani ba ko ta gane ni ko ƙanwarta take gani. Na yi ta jan ta da magana, ko uffan. Haka har Laraba ta biyu ta zo.

Bayan la'asar Bappa ya shigo da kafinta, da sakata, da sabon kwaɗo yana ƙyalli. Ni kuwa na riga na zauna a dokin ƙofar Inna da ɗana a cinya. Tana zaune a bakin gado da ƙwaryar fura da na dama mata.

"Tashi, 'yar nan," in ji Bappa. "An ba ki lokacinki. Kin yi ƙoƙari, Allah ya ba ki lada."

"Bappa, zawo ya tsaya. Tana ci."

"Ta san ki?"

Maigida ya ce a bari ya gaishe ta tukuna. Na matsa ya shiga. Tun ranar zaure gaisuwar nan ta zame masa azaba, don da ya tsuguna take cafke rigarsa tana kiran sunansa. Ya tsuguna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya gaishe ta da Fulatanci, "Inna, jam?"

Ta ɗago ta dube shi. Na ga idonta ya tsaya a kansa, ya ɗan daɗe. Sai ta ajiye ƙwaryar, ta laluba mayafinta, ta ja shi ta rufe gefen fuska, ta juya a hankali ta fuskanci bango.

"'Yar Kano."

"Na'am, Inna."

"Ki ce wa mutumin nan ya tare mini haske. Kuma ki tambaye shi ina ya kai mini Wule."

Maigida ya dafa ƙasa da hannu biyu. Kafaɗunsa suka fara rawa, na rasa kuka yake yi ko dariya, ashe duka biyun ne. Ya ja da baya a tsugune har ya fita, yana ta cewa alhamdulillahi. Ban taɓa ganin mutumin da uwarsa ta juya wa baya ya yi murna irin haka ba. Ni kuwa daɗi ya hana ni tashi, na rungume ɗana har ya yi ƙara.

Bappa ya yi gyaran murya ya ce kada a yi saurin murna, wani lokaci masu jinya sukan farfaɗo kafin tafiya. Shi ƙanin miji ne, ba kunya tsakaninsu, sai ta juyo ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi abin da ke hannunsa.

"Sale, kai ne da kwaɗo? Ni za ka rufe? An kawo ni gidanku kana bin maruƙa ba wando, ni nake cire maka ƙaya kana ihu." Ta juya wajen kafinta. "Kai, ɗan nan, tunda an riga an kira ka, je bayan gida ka gyara ƙofar garken shanuna, ka sa kwaɗon a can." Sannan ta ɗauki ƙwaryar furar ta juya ludayi a ciki ta ce, "Wa ya dama wannan? Duk gudaji."

Sauran jinyar mai sauƙi ce. Baƙar fatar ta yi ta saɓulewa kamar ɓawon gyaɗa, sabuwa ta fito. Zoben wuyan ne ya fi daɗewa. Muka koma asibiti, ta shiga da ƙafarta, likita ya juya hannunta ya yi dariya, ta ce masa useko, wato ta gode, ta kuma ce a gaya masa ya rame, ya riƙa shan nono. Mai ba da katin nan na tsaya a gabansa da ita har sai da ya gaishe ta. Ya Falmata kuwa ta shiga unguwa tana ba mata shawarar a riƙa ba tsofaffi nono, kamar ita ta gano.

Aka koro shanu daga Damagum. Inna ta tsaya a ƙofar gida ta yi kira ɗaya, Wule ta bar sauran ta taho da gudu. Kafin damina ta sauka an sauke ƙwarya daga bango. Ranar da ta fara komawa kasuwa maigida yana zaure da baƙi, ta wuce su da kaya a ka ba ta dubi kowa ba. Wani dillali ya fara cewa ai bai kamata ba, maigida ya ce masa, "Uwata ce, kuma tallan nono take yi. In kana so ka saya, ka bi ta."

Alawayyon Bappa ita ta tono shi a akwatina. Ta tambayi na mene ne, na faɗa mata gaskiya. Ta murza shi da yatsa ta ce yadi mai kyau ne. Ta yayyanka shi ta yi matatar nono da marufin ƙwarya, ta ce in lokaci ya yi a sayi sabo. Sai da ta ga an ba mu mulkin kai, ta ga auren jikokinta, ta je ta'aziyyar Bappa Sale da kanta.

Ban ce tsufa ba ya zuwa da nasa ba. Ga ni nan, gwiwata tana faɗa mini kullum. Amma duk wanda tsohonsa ya canza a ɗan lokaci, ya rame, ya rikice, kada ya ce shekaru ne ya naɗe hannu. A duba abin da yake ci, a duba abin da aka ƙwace masa da sunan gata, a kai shi a gani. Kuma in tsohuwa ta ce ba ta gaji ba, a yarda da ita.

Da ajalin Inna ya zo da gaske, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, hankalinta garau. Maigida, shi ma lokacin da furfurarsa, yana tsugune a bakin gadon. Ba ta da ƙarfin juyawa, sai ta ce in juya ta. Na juya ta ta fuskanci bango, na gyara mata mayafi. Ta ce, "'Yar Kano, ki ce wa mutumin nan na yafe masa hutun da ya ba ni. Allah ya yi masa albarka." Na juya na faɗa masa, kalma bayan kalma, kamar bai ji ba.